Yadda ake duba alaimen ɗin tayoyin gaba da zare a gida

'Yan'uwa masu motoci a Sakkwato, idan gefe ɗaya na tayar gaba yana cinyewa, ko sitiyari ya karkace bayan an faɗa rami a hanyar Illela, ana iya duba alaimen, wato saitin yadda tayoyi ke fuskantar gaba, a gida.

A ajiye motar a kan siminti mai shimfiɗa, a daidaita iskar tayoyi da sassafe kafin rana ta dumama su, sannan a miƙe sitiyari. A ɗaura zare a kowane gefe daidai tsayin tsakiyar wili, layukan biyu su tafi a jere, tazarar da ke tsakaninsu ɗaya a gaba da baya, ba tare da sun taɓa taya ba, kuma a guji ranar da iska ke kaɗawa. A kowane wilin gaba, a auna tazarar zare zuwa bakinsa na gaba da kuma bakinsa na baya; a yawancin ƙananan motoci bambancin ba ya wuce milimita 1 ko 2, amma littafin motar ne alƙali.

Idan ya wuce, a sassauta notin tairod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da wili, a juya tairod ɗin kwatan zagaye kawai, daidai wa daida a ɓangarorin biyu, a tura motar gaba kaɗan a sake awo kafin a ɗaure. Karkacewar saman taya zuwa ciki ko waje kuwa aikin na'urar bakanike ne.