In motarka mai turbo tana yanke mai idan ka taka totur

Alamar ba ta ɓuya: kana giya ta uku, turbo ya fara busawa, sai motar ta yi turjiya kamar ta daki bango, ka ɗaga ƙafa ta dawo daidai. Galibi kwamfutar motar ce ta ga matsin iska ya wuce iyakar kamfani, ta rufe nozul masu fesa fetur don kare injin. An fi ganinsa bayan an sa faffaɗan salansa, ko da sanyin safiyar hunturu, lokacin da iska ta fi nauyi.

Fara da na'urar OBD2, wadda ke karanto lambobin matsala daga kwamfutar mota. Lambar P0234 tana nufin matsin ya yi yawa. Bi siririn tiyon da ke zuwa bawul ɗin rage matsin turbo. In ya tsage ko ya zame, bawul ɗin ba zai buɗe ba. Matse kilif ɗin bututun intakula (mai sanyaya iskar turbo) ma, domin a motar da ke auna iska da na'urar da ake kira MAF, yoyo kan sa kwamfuta ta ƙirga iskar da ba ta shiga inji ba.

In babu lamba, auna matsin fetur. A motar da matsin fetur ɗinta ke ƙaruwa tare da na turbo, in yana kan bar 3 (bar ma'aunin matsi ne) kuma turbo ya kai bar 1, ya kamata fetur ya kai bar 4. Ya faɗi ƙasa? Canza filta, sannan ka zargi famfo, musamman na kwance da aka tsinto a Panteka. Tazarar fulogi kuma a rage ta zuwa milimita 0.7.

Kada bakanike ya sa maka na'urar da ke ɓoye wa kwamfuta matsin. Mai zai yi kaɗan, fistin ya narke. Rage matsin, ko a sake saita kwamfutar.