Yadda na rabu da kumburin ciki

Na daɗe ina fama da kumburin ciki da gudawa, in sha maganin olsa daga kemis ya lafa ya sake dawowa, har na fara ramewa. To rama ko jini a bahaya kam ba maganar kemis ba ce, don Allah a je asibiti. Gwajin H. pylori, ƙwayar cutar da ke kawo olsa, bai nuna komai ba, sai likita ya tura ni wajen masaniyar abinci, ita ta sa ni rubuta duk abin da na ci da lokacin da cikin ke murɗawa, wallahi ashe madara ce, cikina ba ya narkar da sukarin cikinta. Na bar shayi mai madara, kindirmo kaɗan dai ba ya damuna.