Kurakuran da aka fi yi da wayar eriya, da yadda ake gyara su

Sau da yawa idan siginal ya yi rauni, na'ura ake ɗora wa laifi. A sauya dikoda, a sauya eriya, wani ma ya sayi sabuwar rediyo, alhali matsalar tana kwance a cikin wayar da ta haɗa su. Wannan waya da ake kira kebul ɗin kowaks, wadda Oliver Heaviside ya yi wa rajistar mallaka a Ingila tun 1880, hawa huɗu ce: wayar tsakiya, farar roba ko soso da ya kewaye ta, ragar ƙarfe, sannan baƙar riga ta waje. Duk aikinta ya rataya ne a kan tazarar da ke tsakanin wayar tsakiya da ragar. Muddin tazarar nan ta sauya a wani wuri, wani kaso na siginal zai juyo baya daga nan.

Kuskuren farko tun wajen saye ake yin sa. Kebul iri biyu ne suka fi yawa, mai om 50 da mai om 75 (om shi ne ma'aunin turjiyar da kebul ke yi wa siginal), kuma a ido kusan ba ka bambanta su. RG-6 da RG-59 masu om 75 ne, na talabijin da dish da kyamarar tsaro. RG-58 da RG-213 da LMR-400 masu om 50 ne, na rediyon sadarwa da Wi-Fi da yawancin na'urorin ƙara ƙarfin sabis na waya. Kada ka ɗauko maltimita, na'urar awon lantarki ta hannu, ka ce za ka auna wannan om ɗin, ba ta iya ganin sa. Karanta rubutun da ke jikin rigar. A gaskiya haɗa 50 da 75 ba ya kashe siginal, kusan kashi 4 cikin ɗari ne ke dawowa, kuma wanda ke karɓar siginal kawai, ba ya aikawa, ba lalle ya ji a jikinsa ba. Ɓarnar tana wajen kawunan, wato mahaɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin kebul. Irin kan da ake kira N, mai om 50 allurarsa ta fi kauri, idan ka tura shi cikin mace mai om 75 zai buɗe ta, ba kuma za ta sake kamawa da kyau ba.

Abin da ya fi wannan cin mutane shi ne tsawo. Kowane kebul yana shanye siginal, kuma iya hawan firikwensi, wato saurin kaɗawar siginal da ake aunawa da megahaz ko gigahaz, iya yawan abin da yake sha. Ana auna asarar da desibel, kowane desibel 3 rabin ƙarfi ke nan ya tafi. RG-58 a kan gigahaz 2.4, inda Wi-Fi ke aiki, yana cin abin da ya kusa desibel ɗaya a kowace mita. Wato ka ja mita 10 zuwa eriyar da ke saman rufi, abin da zai isa can bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ko goma na abin da ya tashi ba. LMR-400 a wannan tsawon desibel biyu da ɗan abin da ba a rasa ba yake ci. Mutum ya kashe kuɗi a kan babbar eriya, siririyar waya ta cinye ribar tun a hanya. Gyaran shi ne a kai na'urar kusa da eriya a rage tsawon, idan hakan bai yiwu ba a sa kebul mai kauri. Ragowar da ake naɗewa a bayan tebur don gudun gobe, yanke ta. Haka kowace mararraba da aka sa don raba siginal gida biyu tana ɗauke kimanin desibel 3.5.

Sai ɗaura kai, inda hannu ke nuna kansa. Wanda ya fere waya da reza yakan ɗan yanki wayar tsakiya bai sani ba, ranar da aka lanƙwasa ta sai ta karye daga nan. Duba bakin kan da kyau a cikin haske: silin raga guda ɗaya, siriri kamar gashi, idan ya kwanta ya taɓa wayar tsakiya ya isa ya ɗauke komai. A dish abin ya fi muni, domin dikoda tana tura wutar bolt 13 ko 18 ta cikin wayar zuwa LNB, ƙaramar na'urar da ke gaban dish tana karɓar siginal. Wasu kuma don gudun wannan sai su aske ragar gaba ɗaya, sun manta ita ce hanyar komawar siginal, ita ce kuma garkuwar da ke tare hayaniyar waje. Mai aiki da dalma ya yi hanzari, zafi idan ya daɗe yana narkar da farar robar, wayar tsakiya ta karkace. Kowane kai da girman kebul ɗinsa, kowane kuma da filayar matsewarsa.

Akwai wani tarko a ƙananan kawuna. SMA da RP-SMA zarensu ɗaya, suna ɗauruwa lafiya lau, amma an juya wurin allurar. Yawancin na'urorin Wi-Fi RP-SMA suke da shi. Sai ka ɗaura rami a kan rami, komai ya yi kyau a ido, ba abin da ke taɓa wani a ciki. Leƙa kowane ɓangare kafin ka saya. Wajen ɗaurawa kuma goron ake juyawa, jikin ya tsaya cik, kuma ba da ƙarfin tuwo ba. Tsohon kan nan PL-259 a bar shi ga ƙananan firikwensi, abin da ya haura megahaz 300 a nemi N.

Lanƙwasa ma ɓarna ce da ba ta nuna kanta. An karya kebul a kusurwar bango, ko an danne shi da ƙusa, ko an ja igiyar roba har ta shige cikin rigar, duk sun matse sosan ciki. Miƙe shi daga baya ba ya mayar da shi yadda yake, sai dai a yanke wurin. Ka'idar da masu aikin ke bi ita ce kada kwanar ta matse fiye da ninki goma na kaurin wayar, sai in takardar kamfanin ta ba da wani adadi.

A ganina ruwa ne babban maƙiyi. Ya sami ƙofa ta kan da ke waje, raga za ta yi ta jan sa zuwa ciki mita bayan mita. Fere rigar ka gani: jan ƙarfe mai lafiya yana ƙyalli, wanda ruwa ya shiga ya yi baƙi ko kore. Salatif ɗin lantarki kaɗai ba ya hana wannan, rana na sa shi saki. A fara naɗa tef ɗin roba mai manne wa kansa, sannan a rufe da salatif, a kuma bar wayar ta ɗan sauko ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. Abin da ke ruɗar masu rediyo shi ne kebul ɗin da ya jiƙe yakan nuna SWR mai kyau, wato awon siginal ɗin da ke juyowa baya, saboda yana shanye har siginal ɗin da ya juyo. Idan awo ya gyaru da kansa alhali murya ba ta kai inda ta saba kaiwa, a zargi wayar.

Kafin a hau sama da sabon kebul, a gwada shi a ƙasa, babu komai a haɗe. Maltimita ta nuna tsakiya na kaiwa tsakiya, raga na kaiwa raga, kuma tsakiya da raga ba sa haɗuwa. Mai ƙaramar na'urar NanoVNA zai iya auna asarar a firikwensin da zai yi aiki, yana ɗan motsa wayar kusa da kowane kai. Idan layin allon ya yi tsalle, wannan kan a yanke shi a sake ɗaurawa.