Yadda za ku shirya tunawa da malaminku na lise in Allah ya yi mishi rasuwa

Bara Allah ya yi wa malaminmu na lissafi rasuwa nan Tahoua, mutumin da ya riƙe mu shekara ukku har munka yi bak, kuma tun lokacin ƴan wasu kilas suke ta tambayata yaya munka yi munka shirya abin tunawa da shi ba a yi rigima ba. To ga hanyar da munka bi, har da inda munka yi tuntuɓe.

Ku fara da gidan mamacin kafin komi. Mu gurup na WhatsApp munka fara buɗewa, kwana biyu kawai wasu har sun kai ga maganar buga riguna masu hotonshi alhali ko ta'aziyya ba mu je ba, wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ku tashi mutum ukku ko huɗu ku je, ku zauna kan tabarma wurin ƴan uwanshi maza, ku yi musu ya haƙuri, Allah shi jiƙanshi, ku faɗi ko ku su wane ne da shekarar da ya koyar da ku. Matarshi tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, don haka mata ƴan kilas ɗinku su ya kamata su shiga wurinta. Kuma ku tambayi babban gidan abin da suka saba, akwai gidan da ke sadakar ukku da bakwai da arba'in, akwai gidan da ba su yi sam, kar ku kai musu gardamar malamai cikin zaman makoki, yadda sunka ce haka za ku bi.

A irin wannan zuwan ne za ku san mutumin da kuke zaton kun sani. Ƴan matan kilas ɗinmu da sunka shiga, Inna, matar malam, ta buɗe akwati ta ɗauko musu wani tsohon kaye, bangon duk ya yi laushi, ciki rubutun malam ne da jan bik ɗin nan da yake gyaran takardunmu da shi. Sunayen yara ne na ƙauyuka, Kalfou, Bambeye, Afala, waɗanda ya sauke gidanshi ko ya biya musu wani abu, kowane suna da abin da ya bayar a gefe, babu inda ya rubuta an maido mishi. Na ga sunana a ciki, jika biyu, kuɗin hoto da takardun jarrabawa. Ni duk shekarun nan na ɗauka babana ne ya biya. Wannan kayen shi ya canza duk shirinmu, maganar riguna ta mutu nan take.

Sai neman ƴan kilas. Kun san halin Adarawa da tafiya, wani yana Abidjan, wani Agadez, wani Libiya ko Aljeriya, wasu Niamey wurin aiki, lambar da kake da ita ta shekara goma ta daɗe da mutuwa. Ku raba aikin unguwa unguwa, a bi gidajen iyaye a karɓo lambobi. A cikin gurup ku riƙa yin bokal da Hausa, don ba kowa ne ya kai ƙarshen karatu ba, kuma in likitoci da injiniyoyi sunka cika wurin da dogon Faransanci sai wanda ke tireda a kasuwa ya ja baya ya yi shiru, alhali sau da yawa shi malam ya fi wahala a kanshi.

Maganar kuɗi ita ke raba zumunci, ku kula da ita sosai. Mutum biyu za ku zaɓa, ɗaya ya riƙe kuɗi ɗaya ya riƙe rubutu, kar su zama ƴan gida ɗaya. Na nesa su turo ta Nita ko Amana ko Al Izza, su ɗauki hoton rasit su aiko wa mai rubutu shi kaɗai. Ni ban yarda a yanka wa kowa adadi ba, ban kuma yarda a jera sunaye da abin da kowa ya bayar a gurup ba, mai jika ɗaya zai ji nauyin mai jika hamsin ya fasa bayarwa. Jimla kawai za a riƙa faɗi kowace Juma'a, wanda ke son ganin lissafi ya je wurin mai rubutu a buɗe mishi.

In kuɗi sun taru kar ku yi saurin hayar rumfa da kujeru. Ku fara tambaya a asirce ko ya bar bashi, mai shago ko mai magani, a biya, wannan ya fi mishi amfani da duk wani jawabi. Daga nan ku duba takardu, takardar rasuwa daga meri, ta zaman iyali daga kotu, da na fansho in ma'aikacin gwamnati ne, waɗanda ake kaiwa CARENI, hukumar fansho ta ma'aikatan gwamnati. Cikinku ba za a rasa wanda ya san hanyar ofis ba, shi ya ɗauki wannan ya raka babban ɗan malam har a gama, in ta kama a je Niamey ku biya kuɗin mota, tafiyar ta fi kilomita 500. Sannan ɗiyanshi da ke lakwal, a san wa zai ɗauki kaye da tufafin wa idan Oktoba ta zo.

Abin da ya rage shi ne na makaranta. Akwai hadisin Abu Huraira cikin Sahihu Muslim, cewa in ɗan Adam ya mutu aikinshi ya yanke sai abu ukku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi mishi addu'a. Malami ya riga ya bar na biyun a jikinku, naku shi ne kar ya tsaya a kanku. Ku je wurin shugaban makaranta ku tambayi abin da yara ke buƙata, kar ku yanke daga Abidjan. Mu ruwan sha aka ce mana, sai munka sa randuna da mai cika su, kuma mutum huɗu cikinmu da sunka zama malamai sunka ɗauki darasin lissafi kyauta ga ƴan tarminal kowace Asabar. In itace za ku dasa, lokacin damina ya fi, wajen 3 ga Agusta da anka saba dashen itace a Nijar, amma ku tuna lokacin ana hutu, in ba ku kewaye su ba kun kuma yi magana da mai gadi kan ban ruwa, awaki za ku dasa wa. Dogon yaro ya fi jure ƙasarmu.

Ranar taron kanta kar ta faɗo watan Mayu ko Yuni, yara na fama da shirin jarrabawa ga zafi. Ku taƙaita, karatun Alƙur'ani, addu'a, mutum ukku su yi magana, dabino da ruwa sun isa. Ku ce wa masu magana kowa ya kawo abu ɗaya da ya gani da idonshi, yadda yake zuwa kan tsohon babur hannun riga duk alli, ko ranar da ya bi wata yarinya har gida ya roƙi babanta a bar ta ta gama karatu. A ɗauki muryoyin a waya a ba iyalinshi, namu malamin ƙaramar ɗiyarshi shekararta shida, wata rana za ta so ta ji.

Kafin a watse ku faɗi sunan mutum biyu da za su riƙe aikin baɗi, a gaban kowa, kuma ku sayi sabon kaye. Namu yana hannun mai rubutu, bana yara bakwai ke ciki.