Kafin ku sayi ƙwayoyin karotinoyid domin lafiyar zuciya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na lura cewa a kantunan magani na Sabon Gari da Tudun Wada ana tallata ƙwayoyin karotinoyid da sunan suna rage kitsen jini da kumburin cikin jiki, shi ya sa na ga ya dace in ja hankalinmu.

Karotinoyid shi ne sinadarin da yake ba karas da mangwaro da manja launinsu, kuma jan da ke jikin tumatir ma wani nau'insa ne mai suna laikofin. Mutanen da suke yawaita cin waɗannan abubuwa ba su cika kamuwa da ciwon zuciya kamar sauran jama'a ba, amma da aka gwada ƙwayar bita-karotin, wani nau'in karotinoyid, ita kaɗai, ba ta hana ciwon ba. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne binciken ƙasar Finlan na 1994 a kan maza masu shan taba kimanin 29,000, inda waɗanda aka ba ƙwayar suka fi kamuwa da sankarar huhu. Don Allah mai shan taba ya nisance ta.

Shawarata ita ce mu koma ga tukunya. A dafa tumatir da ɗan mai, domin jiki ya fi tsotse sinadarin idan ya haɗu da maiƙo, a yawaita zogale da alayyafo, kuma a daina ƙona manja har ya yi fari. Wanda likita ya ɗora a kan maganin kolestarol (kitsen jini) kuwa, kada ya ajiye shi saboda wata ƙwaya, sai ya koma asibiti ya nemi shawara tukuna.