Yadda za ka rarraba bayanai da hanyar LAD, mataki mataki

Masu koyon nazarin bayanai, in kana son kwamfuta ta yanke hukunci kuma ta faɗa maka dalilinta a fili, toh gwada LAD (Logical Analysis of Data), wata hanyar rarraba bayanai da sharuɗɗan da mutum zai iya karantawa. Peter Hammer ne ya fara gabatar da ita a 1986, daga baya aka bunƙasa ta a jami'ar Rutgers ta Amurka, kuma gaba ɗayanta a kan "eh ko a'a" take tafiya.

Ka fara da bayanan ciwon dajin mama na Wisconsin da Dr. William Wolberg ya tattara, kyauta ne a ma'ajiyar bayanai ta UCI (jami'ar California da ke Irvine) a intanet. Layi 699 ne, kowane layi samfurin ƙari ne daga jikin majiyyaci, 458 ƙari mara illa, 241 daji, kowane layi da siffofi 9 na ƙwayoyin halitta da aka ba maki daga 1 zuwa 10. Akwai 16 da ba su cika ba, cire su kawai, saura 683. Ka ware wani kaso gefe, kar ka taɓa shi sai lokacin gwaji.

Abu na farko, mayar da lambobin nan tambayoyi. Jera makin kowace siffa daga ƙarami zuwa babba, duk inda ka ga mai daji da mara daji suna maƙwabtaka sai ka sa iyaka a tsakani, misali 4.5, tambayar ta koma "makin ya haura 4.5?", in eh 1 in a'a 0. Tambayoyin za su yi yawa sosai, dan haka sai ka tace, ka bar mafi ƙarancin da za su iya bambanta kowane mai daji da kowane mara daji. OR-Tools, manhajar Google ta warware irin wannan lissafin zaɓi, zai taimaka maka da wannan a Python.

Yanzu aikin gaske, neman tsari. Tsari shine haɗa sharuɗɗa biyu ko uku, kamar "girman ƙwayoyi ya sha bamban fiye da kaza KUMA kaurin dunƙulewarsu ya wuce kaza", ka duba masu daji nawa suka cika shi kuma ba mara daji ko ɗaya a ciki, haka za ka sake yi ta ɗaya ɓangaren. Nan mutane ke faɗawa rami, suna ƙara sharaɗi kan sharaɗi har shida bakwai dan tsarin ya fito tsaf, alhali mutum biyu kacal ya kama, wannan hadda ce kawai ba fahimta ba. Gaskiya gara gajeren tsari da ya kama mutane da yawa ko da ya yi kuskure a kan ɗaya biyu, dan shi likita zai iya karantawa ya ce eh wannan da ma'ana, ko ya ƙi shi.

In sabon layi ya zo, ƙirga tsarin daji nawa ya cika da na mara daji nawa, ka ba waɗanda suka fi kama mutane nauyi, ɓangaren da ya rinjaya shine amsa. In suka yi kunnen doki ko bai cika ko ɗaya ba, kar ka tilasta, rubuta "ba a tantance ba" a miƙa wa likita ya duba da kansa.