Nauyin harsashi: kurakuran da ke cinye wa masu gasar harbin nesa maki

Shekarun da na yi ina tsayawa bayan masu koyon harbin allo a wani filin atisaye da ke Bauchi, ba abin da na fi ji kamar "a ba ni mai nauyi, ya fi zuwa nesa." Da gaskiya a ciki, amma rabi ce. Kafin mu yi nisa: wannan wasa na ma'aikatan tsaro ne da masu lasisi, a filin da hukuma ta keɓe, don dokar makamai ta 1959 ba kowa ta bar wa ƙofa a buɗe ba.

Da giren ake auna nauyin kan harsashi, giren 15 da ɗan ɗoriya su ne giram ɗaya. Babban kuskure shi ne zaɓen nauyi ba tare da an san bututun bindigar ba. A cikinsa akwai murɗaɗɗiyar tsaga da ke juya harsashi, kamar yadda yaro ke murza katantanwa: muddin tana juyi da ƙarfi tana tsaye, da ta rage sai ta fara tangaɗi. Harsashi mai nauyi yakan fi tsawo, dogo kuwa sai da juyi mai sauri. Bututun 5.56, wato mai faɗin baki milimita 5.56, da ke cika zagaye ɗaya a inci 12 yana riƙe giren 55 lafiya lau, amma giren 77 sai mai zagaye a inci 8 ko 7. Na ga wani saurayi, hannunsa ba ya rawa ko kaɗan, ya dawo da takardar da ya harba, ramukan sun yi tsawo kamar ramin makulli. Idonsa ya cika, yana cewa, "Oga, ina na kuskure?" Na ce, "Ba kai ba ne, ɗana, harsashin ne ya iso a kaikaice." Gyaran ba wuya: a karanta lambar juyin bututu, a gwama da abin da ke jikin kwalin.

Wasu kuma saurin fita suke bi. Marar nauyi yana fita da gudu, amma da wuri yake gajiya, iska ta kore shi gefe. Ko a cikin masu nauyin ma siffa tana da magana. A .308, wato harsashi mai kaurin inci 0.308, giren 168 na kamfanin Sierra ya yi suna a mita 300, sai dai kafin yadi 1000 gudunsa kan sauko kusa da na sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, ya fara yawo. Shi ya sa masu nisan suka koma giren 175, wanda siffarsa ta fi dacewa da nisa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mantuwa da garin da muke ciki. Bauchi tana kan tudu, sama da teku da kamar mita 600. Saitin da aka yi da sanyin safiyar Janairu ba zai tsaya ba a zafin Afrilu: iska ta yi sakayau, albarushi ya ɗau zafi, harsashi ya sauka sama da inda aka saba. Jadawalin saiti da kamfani ya buga a Amurka mafari ne kawai. A riƙe ɗan littafi, a rubuta rana, zafi, da inda iska ke kaɗowa.

Sai gauraya kwali biyu a zama ɗaya, da yanke hukunci da harbi uku. A harba goma daga kwali ɗaya, a bar bututu ya huce, sannan a gwada na biyu. In kuma mai nauyin yana shurin kafaɗa har mutum ya fara runtse ido kafin ya ja kunama, ya sauko zuwa wanda kafaɗarsa za ta ɗauka har ƙarshen gasa.